LineageOS a kan tsohuwar Pixel 3a: riba da hasarar da na gani

LineageOS, babbar manhajar waya da ake ɗorawa a madadin ta kamfani, kyauta ce, ba ta da talla, kuma ta mayar da wayar da aka daina yi wa sabuntawa tun 2022 ta zama wadda nake fita da ita kullum. Wannan shi ne ra'ayina, ina kuma tsaye a kansa. Sai dai tun da na fara ba mutane labari a shago na lura rabin maganar suke ɗauka su tafi, su bar sharuɗɗan da ke biye da ita. Wani ma har ya kawo mini Infinix ɗinsa washegari wai in "sa masa irin tawa". Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi komai dalla-dalla, da daɗin da rashin daɗin.

Sana'ata buga takardu da kwafi, ina da ɗan shago a Kano, yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Waya rabin aikina ce. Ta WhatsApp ake turo mini fayil, ta waya ake biyana, ta waya nake mayar wa mutum aikinsa idan na gama. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, a kan wayar da ake neman abinci da ita na gwada shi.

Kamfanin Google ya fitar da Pixel 3a a watan Mayun 2019. Injinta Snapdragon 670 ne, RAM ɗinta giga 4, ma'ajinta giga 64, batir 3000 mAh, jikinta roba, tana da ramin sa iyafis, ramin layi ɗaya ne. Ni sakan na saye ta, cikin waɗanda ake kawowa daga waje, kuma kyamararta ce ta ja ni. Alƙawarin kamfani shekara uku ne na sabuntawa, ya cika a Mayun 2022, wayar ta tsaya a Android 12. Ba ta lalace ba. Tana kira, tana WhatsApp, tana ɗaukar hoto kamar da. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar tsaro. Duk wata Google na fitar da sanarwar ramukan da aka gano a Android da yadda aka toshe su, sanarwar kuwa a fili take, mai gyara yana karantawa, ɓarawo ma yana karantawa. Wayar da ba ta karɓar gyaran tana nan da ramin a buɗe, kuma kowane wata ana ƙara mata wani. Wannan ne ya hana ni sakewa, ganin cewa kuɗin mutane da takardunsu suna bi ta cikinta.

To mece ce LineageOS? Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗaukar asalin rubutun manhajar ya gina tasa. Abin da Samsung da Tecno da Xiaomi suke yi ke nan, su ɗauki tushen su ɗora nasu ado da manhajojinsu. LineageOS ma haka take, sai dai 'yan sa-kai ne ke gina ta, ba su sayar da waya, ba su sayar da talla. Asalinta CyanogenMod ce, wadda aka fara a 2009. Da kamfanin da aka kafa a kanta ya rufe ayyukansa a Disambar 2016, sai masu aikin suka kwashe rubutun suka ci gaba da sabon suna. Lambar kowane zubi tana tafiya da ta Android: LineageOS 20 ita ce Android 13, 21 ita ce Android 14, 22 kuma Android 15. Tawa 22 ce ke kanta. Wato wayar da kamfani ya ajiye a 12 ga ta a 15.

Yanzu ga sharaɗin farko, wanda shi ke yanke hukunci tun kafin a taɓa kwamfuta. A cikin kowace waya akwai wata ƙaramar manhaja da ke fara tashi idan ka danna makunni, ita ke dubawa ta tabbatar abin da zai hau na kamfani ne. Masu gyara suna ce mata butloda. A kulle take zuwa. In ba a buɗe ta ba, babu wata babbar manhaja da za ta hau wayar. Buɗewar kuma ba a hannunka take ba, a hannun wanda ya ƙera wayar take. Google yana bari a Pixel ɗin da ya sayar da kansa. Xiaomi sai ka buɗe asusu da su ka jira kwanaki, kuma sun ƙara tsanantawa a 'yan shekarun nan. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Samsung ɗin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada galibi ba ya buɗuwa, wanda yake buɗuwa kuma akwai alamar Knox da ke ƙonewa a cikinsa har abada, ko ka mayar da manhajar kamfani ba ta dawowa, wasu manhajojin Samsung kuma ba za su ƙara aiki ba.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu fa? Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a China, kuma ba su cikin jerin wayoyin da LineageOS ke tallafa wa a hukumance. Dalilin ba raini ba ne. Kafin a gina wa waya manhaja sai an samu asalin rubutun ƙwaryarta, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa injin, da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kyamara da sabis da sauti. Qualcomm, mai yin Snapdragon, ya saba fitar da nasa a fili, shi ya sa mafi yawan wayoyin da ke jerin Snapdragon ne. Wayoyin Transsion kuwa galibi MediaTek ne ko Unisoc, inda abin ya fi wuya. Sannan sai an samu wani ɗan sa-kai da yake riƙe da irin wayar a hannunsa, ya yarda ya ɗauki nauyinta wata da watanni. Wannan ya dame ni ƙwarai, don waɗanda suka fi buƙatar a tsawaita wa wayarsu rai su ne waɗanda ba su da hanyar. Za ka ga bidiyo a YouTube da zauruka a Telegram ana raba manhajojin da wasu suka haɗa wa waɗannan wayoyi. Ba ka san wanda ya haɗa ba, ba ka san abin da ya cusa ciki ba. A wayoyin MediaTek kuma ɗora manhajar da ba ta dace ba yana iya goge lambar IMEI, wato lambar shaidar waya da kamfanin layi ke gane ta da ita, waya ta tashi lafiya amma ba ta ganin layi. Mai Infinix ɗin nan haƙuri na ba shi.

Akwai wani tarko da ya shafi masu sayen Pixel sakan, na kuma gan shi da idona. Wani ɗalibi da ke yawan zuwa shagona ya roƙe ni in raka shi kasuwar waya ta Farm Centre ya sayi Pixel don ya yi irin abin da na yi. Mai shagon ya fito mana da guda biyu, iri ɗaya, launi ɗaya, babu tsaga babu kwarzane. Na kunna ta farko, na haɗa ta da intanet ɗin wayata, na shiga saiti, wurin bayanin waya, na danna inda aka rubuta Build number sau bakwai har ta ce an buɗe sashen masu gina manhaja. Na shiga sashen na nemo layin OEM unlocking, wanda ke ba da izinin buɗe butloda. Maɓallin ya motsa da na taɓa shi. Na yi wa ta biyu haka, sai ga layin ya yi toka-toka, na danna ya ƙi motsi. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Malam, ai wannan a buɗe take, kowane layi ka sa mata tana ɗauka." Na ce masa, "Gaskiyarka ne Alhaji, layi tana ɗauka. Wannan wani makulli ne daban." Bai san da shi ba, kuma ba laifinsa ba ne, babu mai tambayarsa. Pixel ɗin da kamfanin sadarwa na Verizon ya sayar a Amurka butlodarsa ba ta buɗuwa, ko da an buɗe ta ta karɓi kowane layi. Da yawa daga cikin wayoyin da ake kawo mana daga can suke. A jikin waya ba za ka gane ba, sai ka yi wannan gwajin, kuma sai wayar tana kan intanet, don wani lokaci maɓallin ba ya sakuwa sai ta yi magana da kamfani. Duk wanda zai sayi waya da wannan niyya, ya yi gwajin a gaban mai shago kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Sanya manhajar kanta ba ta kai yadda ake tsoratar da mutane ba, amma tana son natsuwa da iya karanta Turanci. A shafin wiki na LineageOS kowace waya tana da nata umarnin, a ƙarƙashin sunanta na ɓoye. Pixel 3a sunanta sargo, babbar yayarta 3a XL kuma bonito, kuma fayil ɗin ɗaya ba ya hawa ɗaya. Ana buƙatar kwamfuta, da kebul mai ɗaukar bayanai ba na caji kawai ba, da wasu ƙananan manhajoji biyu na Google, adb da fastboot. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta ne ya zauna da ni, bayan mun rufe shago, laftof cike da caji, waya ma haka. Kafin komai mun kwashe hotuna da lambobi da hirarrakin WhatsApp, domin buɗe butloda yana share duk abin da ke cikin waya. Da gangan aka yi shi haka, don kada wanda ya tsinci wayarka ya buɗe ya karanta sirrinka.

Umarnin buɗewar layi ɗaya ne, fastboot flashing unlock. Wayar ta nuna gargaɗi, aka zaɓa da maɓallin ƙara sauti, aka tabbatar da makunni. Daga nan aka ɗora mata rikabari na LineageOS, wato ɗan ƙaramin ɗakin gyara da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, aka share ma'aji, sannan aka fara tura babban fayil ɗin daga laftof. Lambar ta riƙa hawa a allon kwamfuta, 10, 25, 40, da ta kai 47 cikin ɗari sai ta tsaya cak. Na miƙa hannu wajen kebul in duba ko ya saki. Yaron ya riƙe mini hannu ya ce, "Baffa, kar ka taɓa, haka take yi. Dubi wayar." A allon wayar kuwa ƙananan rubutu suna nuna aiki na tafiya mataki-mataki. Umarnin ma ya faɗi haka, cewa ƙidayar kan tsaya a 47 alhali komai lafiya. Na kawo wannan ne don a daidai wurin ne mai gaggawa zai zare kebul ya jawo wa kansa aiki.

Kafin a tayar da wayar karon farko akwai shawarar da dole a yanke: da Google ko babu Google. LineageOS ba ta zuwa da Play Store, ba Gmail, ba taswirar Google, don waɗannan mallakar kamfani ne. Mai so sai ya ɗora wani ƙunshi da ake kira MindTheGapps, wanda ya dace da lambar Android ɗinsa, kuma a lokacin ne, kafin tashin farko. In ka bari ta tashi sannan ka canza ra'ayi, sai an sake share komai. Mai son rabuwa da Google gaba ɗaya zai iya rayuwa da F-Droid, rumbun manhajojin da asalinsu ke buɗe, inda akwai VLC na kallo da sauraro da taswirorin da ke aiki ba intanet. Na san masu yin haka, ina kuma girmama su. Amma manhajoji da dama ta hanyar Google suke aiko da sanarwa, wasu kuma ba sa buɗewa sam in babu shi. Mai shago irina ba zai yi wasa da sanarwar shigowar kuɗi ba. Na ɗora Google. Ƙunshin ƙarami ne, Play Store da abin da ke riƙe da shi kawai, sauran kai za ka zaɓa da hannunka.

Da ta tashi, abin da ya fara burge ni shi ne fili. Manhajojin da ke ciki ba su da yawa: kira, saƙo, lambobi, agogo, kalanda, kalkuleta, kyamara mai suna Aperture, burauza mai suna Jelly, wurin hotuna, wurin waƙa, na'urar naɗar murya. Shi ke nan. Gaskiya Pixel tun asali ba ta da tarkace sosai, don haka bambancin a nan bai kai wanda mai wata wayar zai gani ba. Wanda ya saba da wayar da ke jefo masa talla a allon kulle, ko take sauko masa da wasannin da bai nema ba, shi ne zai fi jin sauƙin. Saurinta daidai gwargwado ne. Giga 4 giga 4 ne, in na buɗe manhajoji da yawa takan rufe na baya. Batir kuma manhaja ba ta gyara tsufansa, sai da na kai aka canza mini shi a kasuwa.

Abin da ya fi komai yi mini amfani, wanda ko shi kaɗai ya isa in ce aikin ya biya, shi ne ikon da ta ba ni a kan data. Ka shiga bayanin kowace manhaja, za ka tarar da maɓallai a jere: a bar ta ta shiga intanet ko a hana ta gaba ɗaya, a bar ta a Wi-Fi, a bar ta a datar layi, a bar ta ta yi aiki a ɓoye. Kowanne da nasa. Akwai wata manhajar ɗaukar hoton takarda da nake amfani da ita a shago, aikinta ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, amma kullum tana jan data tana kawo talla. Na kashe mata maɓallin farko. Tana aikinta, tallar ta ɗauke, takardun mutane kuma ba su da hanyar fita daga wayar. Manhajojin bidiyo na bar su a Wi-Fi kawai. Sannan na kunna ɗan ma'aunin da ke saman allo kusa da alamar sabis, mai nuna abin da ke shiga da abin da ke fita a kowane daƙiƙa. In na ajiye waya na ga lamba tana motsi, na san wani yana shan datata, sai in bi sawu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya tashi daga abin sha'awa ya koma lissafin aljihu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a sa su a gaba amma hannu yana sabawa da su. In allo a kashe yake, ka danne makunni ka riƙe, tocila ta kama. Wanda ake ɗauke wa wuta yana tsakiyar ƙirga canji ya san darajar wannan. Danne maɓallin sauti yana tsallake karatu ko waƙa ba sai ka fito da waya daga aljihu ba. Ana iya ɓoye manhaja ko a sa mata makulli, wanda ke da amfani ga mai miƙa wa yara waya.

Sai maganar banki, wadda ita ce babbar hasarar. Google yana da wani gwaji mai suna Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet. Manhaja tana iya tambayarsa ko wayar nan tana kan manhajar kamfani da butloda a kulle. Wayar da ke kan LineageOS ba ta cin wannan gwajin, masu LineageOS kuma sun ce ba za su yi dabarar yaudararsa ba. Abin da manhaja za ta yi da amsar ya rage nata. Bankuna biyu nake hulɗa da su. Manhajar ɗaya ta hau, ta karɓi zanen yatsana, tana aiki har yau. Ta ɗayan tana buɗewa ta ce wayar ba amintacciya ba ce, ta rufe kanta. Na je reshe na yi bayani, ma'aikaciyar ta saurare ni da mutunci ta ce, "Yallabai, sai dai ka sa a wata wayar." Ba ta da abin da za ta yi, umarnin daga sama yake.

Abin yana ci mini rai, kuma zan faɗi dalili. Da na bar wayar nan yadda take, da ramukan tsaro na shekaru a buɗe, da manhajar bankin ta karɓe ta hannu bibbiyu. Da na ɗora mata gyaran wannan watan sai ta zama abin zargi. Gwajin yana tambayar wane ne ya sa hannu a manhajar, bankin kuma ya ɗauki amsar a matsayin shaidar tsaro. Na fahimci tsoronsu, damfara ta yi yawa, kuma wayar da aka buɗe ana iya cusa mata komai. Amma sakamakon shi ne ana tura talaka ya sayi sabuwar waya alhali ta hannunsa lafiyarta ƙalau. Akwai masu yi wa waya rut, wato su karɓi cikakken iko a kan babbar manhajarta, su sa wata manhaja mai suna Magisk da wasu dabaru don su tsallake gwajin. Yau ya yi aiki, gobe Google ya toshe, jibi a fito da wata dabarar. Ni ban bi wannan hanyar ba, ba na son ranar da zan tashi biyan kuɗin takarda manhaja ta ƙi buɗewa. LineageOS dai ba ta zuwa da rut, kada a haɗa su. Abin da ya cece ni shi ne lambobin USSD, waɗanda ba ruwansu da irin manhajar da ke kan waya, da saƙon alat da ke shigowa yadda ya saba. Da su nake hulɗa da bankin na biyu. Amma mai sana'ar POS, ko wanda duk cinikinsa ya rataya a kan manhajar banki ɗaya, ba na ba shi shawarar ya taɓa babbar wayarsa. In ya matsu, ya nemi wanda ke kan LineageOS kuma bankinsu ɗaya, ya gani da idonsa tukuna. Ko hakan ma banki na iya canza tsari a sabuntawa ta gaba.

Kyamara ta ragu, ba zan ɓoye ba. Kyawun hoton Pixel yawancinsa daga lissafin manhajar kyamarar Google yake, ba daga gilashin kaɗai ba. Aperture da rana tana fitar da hoto mai tsabta, tana karanta lambar QR, takardun da nake ɗauka suna fita sarai. Da dare ko a cikin ɗaki mai ƙarancin haske kuwa ba ta kamo ta asali ba. Wanda hoto ne ya sa ya sayi Pixel ya sa wannan a ma'auni.

Rubutun Hausa kuma sai da na sauko da Gboard, don a nan nake samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Saitin wayar da Turanci nake karanta shi. Fassarar LineageOS zuwa harsuna 'yan sa-kai ne ke yin ta a dandalin Crowdin, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai so. Ina ganin ɗaliban da ke zuwa shagona, masu karatun Hausa da masu karatun kwamfuta, in suka haɗa kai wannan aiki ne da ba ya buƙatar jari.

Game da tsaro akwai abu biyu da masu yabon LineageOS kan tsallake. Na farko, in ka shiga bayanin waya za ka ga kwanan wata biyu. Ɗaya na gyaran Android, wanda ke tafiya da zamani. Ɗaya na ɓangaren masu ƙera injin, wanda a tawa ya tsaya a 2022 kuma ba zai motsa ba, domin manhajar da ke cikin na'urar sabis da Wi-Fi da Bluetooth a rufe take, kamfani ne kaɗai ke iya gyara ta. An sake rufi da ƙofofi, harsashin ginin yana nan yadda magini ya bar shi. Ya fi zama ba gyara nesa ba kusa ba, amma bai kai sabuwar wayar da kamfani ke kula da ita ba. Na yaba da ba su ɓoye wannan kwanan watan ba.

Na biyu, butloda a buɗe za ta zauna. Umarninsu ya hana a sake kulle ta a kan LineageOS, don waya na iya ƙin tashi. Duk lokacin da na kunna wayar sai ta nuna gargaɗi na 'yan daƙiƙu cewa a buɗe take. Bayanan ciki a kulle suke da lambar sirrina, wanda ya ɗauke ta ba zai karanta ba matuƙar lambar mai ƙarfi ce. Amma zai iya share ta ya ɗora wata manhajar ya sayar cikin sauƙi, fiye da wayar da ke kulle. A garin da ake fama da ƙwacen waya wannan abin dubawa ne. Na tsawaita lambar sirrina, na kuma sa wa layina nasa PIN ɗin daban, wanda ya kamata kowa ya yi ko wace irin waya yake riƙe da ita.

Sabuntawa tana zuwa ta cikin saiti, kusan kowane mako. Fayil ɗin babba ne, ɗaruruwan megabait, don haka ba kowanne nake ɗauka ba. Ina jira wanda ya ƙunshi gyaran tsaro na wata, in sauke shi a Wi-Fi, ya shiga a ɓoye ina aikina, in sake kunna waya. Tsallakawa daga babban zubi zuwa wani, kamar daga 21 zuwa 22, shi kuma sai an koma ga kwamfuta da kebul. Kuma a sani babu alƙawari a nan. Mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da kowace waya, a lokacin hutunsu. Ranar da suka gaji ko tasu wayar ta mutu, in ba a samu magaji ba, sai a cire ta daga jeri. Babu ofishin da za ka kai ƙara, babu lambar da za ka kira.

Wanda tsaro ne babban burinsa kuma yana da kuɗin sabuwar Pixel, wata babbar manhajar mai suna GrapheneOS ta fi dacewa da shi. Ita a Pixel kaɗai take hawa, ta burauza ake sanya ta, ana sake kulle butloda bayan an gama, amma tana sakin waya idan kamfani ya daina tallafa mata, don haka 3a ba ta ciki. Akwai kuma /e/OS, wadda Bafaranshen nan Gaël Duval ya kafa, an gina ta a kan LineageOS, an sa mata microG, manhajar da ke kwaikwayon ayyukan Google, a madadin na Google ɗin. Sababbin wayoyi ma sun fara rage buƙatar wannan duka: daga Pixel 8 a 2023 Google ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa, Samsung ma ya yi haka daga Galaxy S24 a 2024. Sai dai waɗannan ba su ne wayoyin da ke aljihun yawancinmu ba.

Ɗalibin da na raka kasuwa ya tambaye ni ko akwai komawa idan abin bai yi masa ba. A Pixel akwai. Google yana ajiye asalin manhajar kowace Pixel a shafinsa, yana kuma da Android Flash Tool da ke aiki ta burauzar Chrome: ka haɗa waya da kebul, ka zaɓi zubin ƙarshe na kamfani, ya mayar da ita, ya sake kulle butloda. Wannan ma yana share komai, don haka a kwashe kaya tukuna. Bayan nan manhajar banki za ta karɓe ta kamar ba a taɓa buɗe ta ba, wayar kuma ta koma Android 12 da gyaran 2022.